Kwalayen da ke ƙarƙashin gadona

Har yanzu akwai kwali biyu a ƙarƙashin gadona. Da can uku ne, ɗaya ruwan sama ya shigo ɗaki wata damina ya jiƙa shi sharkaf muka zubar. Littafina na farko ne a ciki, wasu ɗaurin ma ko igiyar da aka ɗaure su da ita a maɗaba'a ban taɓa kwancewa ba. Duk yarinyar da ta zo taya ni shara sai ta ce Anti wannan fa mene ne, in ce mata kaya ne, don bayanin da tsawo. To yau dai na ce bari in zauna in yi bayanin, saboda wata ƙanwata a harkar rubutu ta turo min saƙo da tsakar dare wai ita kam ta haƙura, ta goge komai daga wayarta, rubutu ba rabonta ba ne, ni kuma na yi ta rubuta mata amsa ina gogewa don maganar ta fi ƙarfin layi biyu.

Tun ina ƙaramar sakandare nake karatun littattafan Hausa, na haya, irin wanda za ki kai 'yan canjinki shagon unguwa ki karɓo na ɗaya, ki kwana a kai da tocila cikin bargo, gobe ki mayar ki karɓo na biyu in kin yi sa'a wata ba ta riga ki ba. Duk wadda ta taso a Kano lokacin ta san me nake faɗa. Wannan da malaman jami'a suke kira Adabin Kasuwar Kano, wanda ya kunno kai tun shekarun 1980, mu lokacin ba mu san yana da suna ba, daɗinsa kawai muka sani. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sunayen da ke jikin bango, da yawansu mata ne, matan aure da ke cikin gidajensu suna girki suna raino, amma ga sunansu ya kai Sakkwato ya kai Maraɗi ya kai Damagaram. Na ce wallahi ni ma sai na ga sunana a bango.

Na gama karatun koyarwa na samu aiki a wata firamare, albashi ɗan kaɗan, na shiga adashi da malamai 'yan uwana. Ranar da kwasata ta zo kowa ya ɗauka kayan ɗaki zan saya, ni kuwa na ɗauki littattafan makaranta guda shida da na cika da rubutun hannu na kai shagon kwamfuta aka yi min taifin, daga nan sai maɗaba'a. Yadda tsarin yake, marubuci shi ke biyan komai, takarda, bango, bugu, ɗinki, sannan ya ɗauki kayansa ya kai wa masu shago a kasuwa su karɓa bashi, in sun sayar su ba shi kaɗan kaɗan. Wajen 2016 ke nan. Dattijon da na fara kai wa a Sabon Gari ya juya littafin a hannunsa ya ce Malama kin zo a makare, yanzu kowa a waya yake karatu, amma ajiye hamsin mu gani. Bayan wata shida na koma, ya ƙirgo min kuɗin guda bakwai ya haɗo min da sauran. Bai cuce ni ba ko kaɗan, gaskiya ya faɗa min tun farko.

Shekaru na yi ina cewa kasuwa ce ta kashe min littafi. Ku riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Tunda an ce kowa ya koma waya ni ma sai na koma. WhatsApp, Facebook, daga baya Wattpad. Da babban yatsa nake taifin, kullum feji ɗaya, wani lokacin ina jiran tuwo ya silala ina rubutu, wani lokacin ba wuta sai na kai caji shago in zauna jira kamar mai jiran haihuwa. Kuma mutane sun zo, musamman lokacin kullen korona na 2020 da kowa ke zaune a gida, guruf ɗina ya cika har na buɗe na biyu. Da na ga haka sai na mayar da littafi na gaba na kuɗi kamar yadda na ga ana yi, ki tura kuɗi a saka ki a guruf. Sati biyu ba a yi ba na gan shi yana yawo a wasu guraren kyauta, mutum ɗaya ta biya ta raba wa duniya, bayan nan kuma wata ta turo min inda ake karanta shi da murya a YouTube, an cire sunana gaba ɗaya an canja masa suna. Na yi magana, na yi roƙo, na yi Allah ya isa, ba abin da ya canja.

Sai kuma waya. Ina cikin adaidaita sahu da yamma ina duba wani babi, hannu kawai na gani ya shigo ta gefe, kafin in ce wayyo yaron ya shige lungu. Ba wayar ce ta sa ni kuka ba, babi arba'in da wani abu ne a ciki na littafin da ban taɓa sakin ko layi ɗaya daga cikinsa ba, wanda nake ji a raina shi ne na gaske, kuma ban ajiye shi a ko ina ba sai nan. Wata bakwai ban rubuta komai ba bayan wannan. Umma ce ma take ce min ke da kika rasa rubutu ai da sauƙi, wasu a kan waya rai suke rasawa a garin nan, ki gode wa Allah da ya bar miki hannun da kan. Lokacin maganar ba ta shige ni ba sai daga baya.

Duk waɗannan da na lissafa, da ciwonsu da komai, suna da wani sauƙi guda ɗaya da ban lura da shi ba sai daga baya: a kowanne akwai wanda zan nuna da yatsa. Kasuwa, mai satar fasaha, ɓarawon waya. Ni dai a wajena ni marubuciya ce ƙwararriya da duniya ta hana ta sakat. Kuma masu karatuna sun taya ni yarda da haka, don kullum abin da nake gani shi ne Allah ya ƙara basira, Anti kin iya, muna jiran ci gaba. Ina son su har raina, su suka riƙe ni lokacin da ba kowa, amma mai jiran feji na gobe ba zai taɓa ce miki fejin yau bai yi ba, tsoro yake kar ki yi fushi ki daina.

Abin da ya fasa min wannan ƙwan gasa ce. Tun da BBC Hausa ta fara Hikayata a 2016, gasar gajerun labarai ta mata zalla, gajeren labari ya samu daraja a idon marubutan intanet, wasu ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane ma suka riƙa shirya nasu. Na shiga irin waɗannan ƙananan gasannin har sau uku, ko a jerin farko sunana bai taɓa fitowa ba. Na fara cewa ai sai kana da hanya, sai wata ƙawata ta ce maimakon zargi mu je zaman marubuta da ake yi a Laburaren Murtala Muhammad ki karanta a gaban mutane ki ji. Na je da ƙarfin gwiwata. Na karanta shafi uku, aka yi shiru, sai wani dattijo mai farar hula ya gyara zama ya ce, "'Yata, sannu da ƙoƙari. Amma shafi uku kin karanta mana, yarinyar nan ta tashi daga barci, ta yi wanka, ta shafa mai, ta saka leshi, kin faɗa mana kalar leshin da kalar takalmin. Me take so? Wa ya hana ta? In ba ki faɗa min wannan ba don me zan juya shafi na huɗu?" Ya karɓi takardar ya duba, ya ƙara da cewa kuma ki koma ki koyi inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, Hausa ma tana da doka.

Na ce na gode Baba, muryata na rawa. A hanya na yi kuka, na rantse ba zan ƙara zuwa ba.

Da daddare bayan kowa ya yi barci na janyo kwali ɗaya na zaro kwafi, na ɗauko jan biron da nake makin ɗin yara da shi, na ce bari in duba shi kamar ba ni na rubuta ba. Wallahi kafin in kai shafi na goma ya yi jajir. Na rubuta "acikin" a haɗe, "zanje" a haɗe, "ya na" a rabe, ba ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ ko ɗaya, ta yadda ƙasa da kasa duk ɗaya ne a wajena. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar labarin ba nawa ba ne, tarkacen littattafan hayar da na karanta ne na sake jerawa, attajirin saurayi mai girman kai, talakar yarinya mai kyau kamar ita ta yi kanta, muguwar kishiyar uwa, mota, Dubai, alhali ni ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. A daren na gane ko da kasuwar littafi tana kan ganiyarta, wannan littafin ba zai je ko ina ba. Ba a cuce shi ba, bai nuna ba aka sauke shi.

Daga nan ne na fahimci ashe abin da na yi ta kira juriya shekara da shekaru rabinsa naci ne a kan kuskure ɗaya. Ina faɗuwa ina tashi, eh, amma a daidai inda na faɗi nake sake sa ƙafa. Satar waya ba ta hannuna, maganinta kawai in riƙa tura wa kaina kowane babi ta imel kafin in kwanta, kuma haka nake yi har yau, ba fashi. Amma raunin rubutu nawa ne, ba wanda zai gyara min shi, kuma in na ci gaba da ɗora shi a kan masu hassada to zan shekara ashirin ina rubuta littafi ɗaya da sunaye daban daban.

Na koma zaman nan wata na gaba, da kunyata da komai. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai an faɗa maka a gaban mutane za ka san nauyin maganar. Na nemi littafin ƙa'idojin rubutu, na sayi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero wanda ya fito a 2006, na riƙa ɗora wa kaina labari kada ya wuce kalma 1,500, wanda ga mai sabon zuba feji sittin ba ƙaramin horo ba ne, nan na koyi yanka, in rubuta sakin layin da nake ji da shi in dawo gobe in cire shi don ba ya ɗauke da komai. Na daina sakin feji kullum, wasu suka yi fushi suka fita daga guruf, na bar su, don wannan gaggawar ta kullum ita ke sa mu cika labari da wanka da kwalliya da girki kawai don a samu abin turawa.

Sannan na buɗe kunnena. Ashe labari yana gabana kullum a aji. Akwai yarinyar da take zuwa a makare tana warin mai saboda sai ta gama suyar awara da uwarta, tana gyangyaɗi a benci na baya amma lissafi ba wanda ya kai ta. Akwai yadda mata ke hira a layin awo, yadda tsohuwa ke zagin jikanta cikin so, maganganun da ba za ki taɓa ƙirƙiro su a kan gado ba. Yanzu da ɗan littafi nake yawo a jaka ina kama irin waɗannan. Lokacin rubutuna bayan sallar asuba ne kafin yara su tashi, wata rana minti arba'in wata rana goma, wata rana in zauna ba abin da ya zo sai dai in gyara na jiya.

Ban yi suna ba, kar a ɗauka can labarin zai ƙare. Ban ci wata babbar gasa ba, sau ɗaya dai labarina ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa aka haɗa a littafi guda, kuma ranar na yi sujjada. Littafin da aka sace a waya na sake rubuta shi daga farko, wannan karon a kan yarinya mai awara, yana gyara na huɗu yanzu. Bugawa kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi kuɗin takarda ya tashi, sai dai a hankali, na sake shiga adashi.

Ita kuma ƙanwar tawa, a ƙarshe kiran ta na yi da safe. Na ce ba zan ce miki kin iya ba don ban karanta ba, kuma ba zan ce ki yi haƙuri kawai ba, ki nemo min ko babi ɗaya mu duba tare mu ga wanne ne laifin duniya wanne ne naki. Ta yi shiru, can ta ce akwai babin farko da ta taɓa tura wa wata ƙawarta, ƙila yana nan. Ta ce za ta turo bayan la'asar. In ya zo zan biya shagon kwamfuta a fitar min da shi a takarda, jan birona yana cikin jaka.