Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Na Fara Rufe Inji da Hannuna

A makon jiya na tsaya a inda muka raba injin wani babur Honda CG125 gida biyu, muka gano abin da ya sa yake tofar da giya ta biyu duk sanda aka matsa masa wuta. Haƙoran giyar lafiyarsu lau. Ciwon yana gefe, a jikin 'yan ƙahonnin nan da ke shiga ramukan giyar da ke maƙwabtaka da ita su kulle ta. Bakinsu ya cinye ya yi sumul kamar tsohon sabulu, ramukan su ma sun buɗe. Fok ɗin da ke tura giyar kuwa ya lanƙwashe kaɗan, yatsunsa sun yi shuɗi saboda zafin gogayya.

Kwana uku bayan haka kaya suka iso: giya biyu, fok ɗaya, gasket (takardar da ke hana mai tsiyaya tsakanin ɓari biyu na inji), da sababbin kilif ('yan zobban ƙarfe da ke riƙe giya a wurinta). Na tambayi Maigida me ya sa za a canza har biyu, alhali ɗaya ce ƙahonninta suka mutu. Ya ce, "Kai yaro, in ka sa sabon ƙaho a tsohon rami, wata nawa kake ganin zai yi kafin ya koma kamar na da?" Daga nan ya goge hannu da tsumma, ya tura mini farantin kayan da ƙafa.

"Yau kai za ka haɗa."

Shekarata biyu a gabansa ina wanke ƙarfe, ina miƙa sifana, ban taɓa jin wannan magana ba. Gabana ya faɗi, amma na dake na ce, "To, Maigida."

Dole in ɗan yi bayani a nan, don wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba ya gane inda na yi tuntuɓe. Babur mai giya biyar yana da giya goma a ciki, biyar a kan shaf, wato sandar ƙarfen da kulochi ke juyawa, biyar a kan wanda ke fita zuwa sarƙa. Mutane suna zaton in an taka giya, haƙora ne ke rabuwa su kama wasu. Ba haka ba ne. Duk goman a sarƙe suke biyu-biyu ko da yaushe, ko babur yana firi. Wasu dai suna juyawa ne a banza a kan shaf, sai an kulle su suke ɗaukar kaya. Masu kullewar su ne giyoyi masu zamewa hagu da dama, fok ke tura su, shi kuma fok yana bin wasu karkatattun hanyoyi da aka sassaƙa a jikin wani ƙarfe mai siffar ganga da ake kira daram. Kowane taku ɗaya na ƙafarka yana juya daram ɗin mataki ɗaya, shi ya sa ba a tsallakawa daga ɗaya zuwa huɗu. A injin da firi ke tsakanin ɗaya da biyu, irin wannan, giya ta biyu ta fi kowace shan wahala domin daga ɗaya sai an ratsa ta firi kafin a kai gare ta, kuma tazarar gudun da ke tsakaninsu ita ce mafi girma. Mai ragon taku, ko mai sa giya ba tare da ya matse kulochi sosai ba, kullum sai ƙahonnin sun yi karo kafin su shiga.

Tsakanin waɗannan giyoyi akwai washa da kilif, sirara kamar farce, kuma su ne suka kunyata ni.

Al'adar Maigida in ya kwance shaf, sai ya zura komai a waya bi da bi yadda ya fito, ya murɗe bakin wayar. Giyoyin ba a jere suke ɗaya, biyu, uku ba, don haka wayar nan ita ce littafinsa. Ni kuwa ranar da na wanke kayan, ƙwazo ya ɗebe ni na kwance wayar na zuba komai a cikin kananzir don ya fita tas. Ban faɗa wa kowa ba. Na ɗauka idona ya riƙe.

Na fara jerawa. Giya ta ɗaya a shaf ɗin kulochi ba ta ba ni wahala ba, tunda a jikin ƙarfen aka sassaƙa ta. Sauran na bi da hankali, ina gwada kowace da abokiyar sarƙewarta: ƙarama a nan, babba a can. Na shafa baƙin mai a ko'ina. Na haɗa shaf biyun a tafin hannu na saukar da su tare cikin ɓarin injin, domin ɗaya ba ya shiga in ɗaya ya riga shi zama. Fok uku suna ɗauke da alamar L da C da R, hagu da tsakiya da dama, wannan ma na kiyaye. Na sa daram, na lallaɓa kan kowane fok cikin hanyarsa, na zura sandar da ke riƙe su. Har na fara jin kaina.

Abin da ban yi ba shi ne gwadawa. Kamata ya yi tun inji yana buɗe in riƙa juya shaf da hannu ɗaya, ina juya daram da ɗayan, in ga ɗaya, firi, biyu, har biyar suna shiga suna fita. Na sha ganin Maigida yana yi, na ɗauka wasa yake da ƙarfe. Ni dai burina in rufe kafin ya dawo daga inda ya je. Na kafa 'yan bututun nan biyu da ke daidaita ɓari da ɓari, na shimfiɗa gasket, na kifa ɗaya ɓarin. Bai zauna ba, saura ɗan tsagi da ƙyar farce zai shiga. Sai na ce noti zai jawo shi. Na ɗaura, ya jawo shi kuwa.

Da na kama shaf ɗin kulochi, sai da na sa ƙarfi ya juya. Na sarƙa kuma yana wasa ciki da waje, har kana jin ƙas-ƙas.

Maigida ya dawo ya tsuguna. Bai dubi fuskata ba. Ya sa yatsu biyu ya juya, ya tsaya, ya sake juyawa.

"Me ya riƙe shi?"

"Maigida, ai sabuwar giya ce. In ta yi aiki za ta saki."

"Takalmi ce?"

Sauran yaran suka ƙyalƙyale. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce in kwance da hannuna, kuma in sassauta notocin kaɗan-kaɗan. Ina sassauta na uku shaf ɗin ya saki, ya juya kamar ba shi ba. Ya ce, "Ka gani? Injin da kansa yana faɗa maka ka matse wani abu." Da ɓarin ya tashi, gasket ɗin ya yage biyu, ga kuma abin a fili: washar da ya kamata ta zauna a ƙarshen shaf ɗin sarƙa na kai ta wani wuri, ta ƙara wa wancan tsawo, ta bar wannan da gibi. Kaurinta bai kai na tsabar kuɗi ba. Da an tayar da injin a haka, boris ne zai fara zafi ya ci kansa, kuma da yake inji da kulochi da giya duk baƙin mai ɗaya suke sha, kusan lita guda, garin ƙarfen zai zaga ko'ina.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Ya zare shaf ɗin ya bi kilif ɗin da farce ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a na biyu ya miƙo mini. "Shafa nan. Juya, shafa nan." Sai a ranar na san kilif fuska biyu gare shi. Da yake buga shi ake yi daga farantin ƙarfe, gefe ɗaya yana fita da kaifi, ɗayan a daƙushe. Daƙusasshen ne ke kallon giyar da ke tura shi, mai kaifin ya ciji bangon ramin ta baya. In ka juya shi, duk turin da giya ta yi tana taimaka masa ya hau ya fice. Bakinsa kuma, inda ya rabu, ana daidaita shi ne da kwarin shaf don ya zauna sosai. Ya ce kada in buɗe shi da filaya fiye da yadda zai wuce, kuma wanda aka cire ba ya komawa. Wanda na juya ɗin ya jefa cikin shara a gabana. Har yau ina ganin a nan ne makanikai da yawa ke cutar masu babura ba da niyya ba: su sayi giya mai kyau, su mayar da tsohon kilif da ya gaji.

Sannan ya tambayi wayar. Na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya. Ya yi shiru har na fara fatan ya mare ni a wuce wurin. Can ya ce, "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ɗauko takarda."

Da yammacin nan sau huɗu na jera shaf biyun ina kwancewa, ina zana kowace washa da kowane kilif a inda yake. Ya nuna mini yadda ake karanta tabon da ke jikin tsohuwar washa a gane gefen da giya ke gogawa, da yadda ake ɗiga giris a manne washar ƙarshe don kada ta zame lokacin kifa ɓari. Ya sa na daidaita ƙofar mai ta jikin bushi, zoben da giya ke juyawa a kansa, da ta jikin shaf. A karo na huɗu na juya daram inji yana buɗe, giyoyin suka shiga ɗaya bayan ɗaya, ƙwas, ƙwas, har biyar, na dawo da su firi.

Washegari aka samo wani gasket ɗin. Wannan karon ɓarin ya zauna da ɗan bugun tafin hannu. Na mayar da kowane noti raminsa, tunda tsawonsu ba ɗaya ba ne, na ɗaura a gicciye, zagaye uku, ina juya shaf bayan kowane zagaye. Maigida ya karɓi sifanar ya taɓa biyu, ya ce alminiyam ba ya son ƙarfin tuwo, ya miƙo mini ita ya tashi.

Takardar nan tana nan a akwatina, mai ya jiƙa ta har ana ganin bayanta. Mai babur ɗin ya zo da la'asar, kuma abin da ya faru da muka ɗora injin muka buga kik na farko, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.