Sana'ar kwashe ƙasa mai guba

Idan aka tambaye ni sana'ata nakan ce kwasar ƙasa, sai mutum ya ɗauka yashi nake kai wa magina. Tipa kam muna hayarta, amma ƙasar da muke kwashewa ba ta sayarwa ba ce. Ɗan ƙaramin kamfani gare ni a Kano, ni da ƙanena da ya yi karatun kimiyya, sai leburorin da muke kira idan aiki ya samu. Muna tsabtace filayen da a da ake aikin ƙarfe ko na sinadari a kansu, yanzu kuma gari ya cim musu, an yanka fuloti, yara suna wasa a kai.

A Zamfara na koyi aikin, ina cikin masu riƙon shebur. A 2010 ne aka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, inda ake niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gida. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo da magani, kamfanin TerraGraphics da ƙungiyar Blacksmith Institute, dukansu na Amurka, suka jagoranci kwashe ƙasa. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai 2013 aka tsabtace ta bayan an sha jiran kuɗi. A can na ga yadda magani yake jiran lebura: ba a fara ba yaro maganin fitar da dalma sai an share gidansu, don in ya koma ya rarrafa a tsakar gidan nan, jininsa zai sake cika.

A birni ba dutsen zinariya ke kawo mana aiki ba. Yawanci tsofaffin wuraren fasa batir ne. 'Yan gwangwan su fasa batirin mota, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a buɗaɗɗen wuri, shekara da shekaru. Ranar da suka tashi sai mai fili ya share, ya kira dillali. Fili ne fes a ido, ba wari, ba launi. Dalma kuwa ba ta ruɓewa, rana ba ta cinye ta, ruwan sama sai dai ya matsar da ita gidan maƙwabci. Akwai kuma kuromiyam, wani ƙarfe da ake jeme fata da sinadarinsa, na kamfanonin jima a wajen Sharaɗa da Challawa da Bompai, amma wannan babban aiki ne da ya fi ƙarfin irinmu, tunda ruwan da ya ɗauke shi ya riga ya bi rafukan Salanta da Getsi ya isa gonakin lambu.

Farkon aiki awo ne. Mukan ja igiya mu raba filin gida-gida, mu bi kowane gida da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, XRF, wadda ake ɗorawa a ƙasa ta nuna yawan ƙarfen da ke ciki nan take. Ba tamu ba ce, haya muke yi, kuma ita ke cin kaso mai tsoka na kuɗin aiki. A Zamfara an yi aiki da ma'aunin Amurka na dalma kashi 400 cikin miliyan na ƙasa don wurin da yara ke wasa, alhali a wasu gidajen an samu fiye da 100,000. A 2024 Amurkawan sun sauko da nasu zuwa 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi babu adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Bayan awo sai kankare ƙasa. Galibi gubar tana saman ƙasa, kamar santimita 5, amma inda aka daɗe ana zubar da ruwan batir sai an nutsa sosai. A kankare, a sake aunawa, in ba ta sauka ba a ƙara. Da hunturu tankar ruwa ba ta barin wurin, don busasshiyar ƙasa in aka sa mata diga, iska ce za ta raba wa unguwa abin da muka zo kwashewa. Leburorina suna ƙin takunkumi saboda zafi, kullum sai mun yi da su. Dokar da ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kai ita ce ta kayan aiki: riga da takalmi a nan ake barinsu, a yi wanka kafin a tafi, kuma ba a cin goro ko abinci a cikin fili. Mai ƙananan yara a gida shi na fi sa wa ido.

Inda ake rabuwa da masu fili shi ne maganar inda ƙasar za ta. Kwashewa ba ta kashe guba, wuri kawai ake sauya mata. Dole a samu rami nesa da gidaje da rijiyoyi, inda ruwa ba ya kwanciya, a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba, a rufe da ƙasa mai kyau, a yi alama. Sannan a kawo sabuwar marmara da aka auna a cike filin, wani lokaci a yi daɓen siminti. Wani Alhaji da na kai wa lissafi ya duba ya ce, "Malam, kuɗin rami ya fi kuɗin kwasa? Ga masu neman ciko nan, su ma biya za su yi." Na ce, "Ranka ya daɗe, cikon nan tsakar gidan wani zai zama." Bai ba ni aikin ba, kuma bayan kwanaki na ga tipa tana fita daga filin. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin da damina kowa ciko yake nema, direba kuma ba ya tambayar asalin ƙasa.

Wasu kan ce mini sun ji ana shuka tsirrai su zuƙe guba. Ana yi, amma ga dalma abin yana da jinkiri ƙwarai, kuma ganyen da ya zuƙa shi ma sai an nema masa rami, ga awaki suna yawo. Fili a tsakiyar unguwa ba zai jira wannan ba.

Shi ya sa yanzu kafin mu sauke ko shebur ɗaya nake fara zuwa wurin mai unguwa, tare da mai filin. A gabansa ake faɗin inda ramin yake da yawan tipar da za ta fita, shi kuma yake nema mana izinin shiga gidajen da ke jikin katanga mu auna, don magidanci ba zai bar baƙi su shiga wurin iyalinsa da na'ura haka kawai ba. In an gama mukan ba shi kwafin sakamakon awo na farko da na ƙarshe. Masu makarantun Islamiyya da na kuɗi su suka fi kiranmu a 'yan shekarun nan, sai kuma masu sayen fili da suka ji labarin abin da ake yi a wurin a da, suna so a auna kafin su biya dillali.