Tukunyar gas ta cikawa a motar zama: yadda na shawo kan toshewar regileta

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu haɗa motocin zama da hannunsu, wato motocin da ake kwana da girki a cikinsu. Alhamdu lillahi, a daren jiya hita da murhu da firji sun yi aiki a lokaci guda a cikin Fiat Ducato ɗina har wayewar gari, wuta shuɗiya tsaye kyam, ba tare da jar fitilar hita ta kama ko sau ɗaya ba. Na yi murna ƙwarai, domin matsalar toshewar regileta, wato na'urar da take rage matsin gas ɗin tukunya kafin ya isa murhu, ta cinye mini kusan dukan hunturun bana a nan Ingila, kuma tushenta yana cikin zaɓen girman tukunyar gas da yawancinku kuke shirin yi yanzu.

Dalilin da ya sa na bar tukunyar musaya sananne ne. A gida Najeriya mutum yakan ɗauki tukunyarsa mai kilo 12.5 ya kai a auna masa gwargwadon kuɗinsa, amma a nan tukunyar ta kamfani ce, sai dai ka mayar da wadda ta ƙare a ba ka cikakkiya, kuma da zarar ka tsallaka zuwa Faransa babu mai karɓar tukunyar kamfanin Calor na Ingila a hannunka. Cika irin wannan tukunya a gidan mai kuwa haramun ne kuma ganganci ne, saboda ba ta da bawul ɗin da yake tsayar da gas idan ya kai kashi 80 cikin 100, wanda shi ne yake barin sararin da ruwan gas zai buɗe idan ya ji zafi. Saura zaɓi biyu: tankin da ake ɗaurewa a ƙarƙashin mota, ko tukunya ta cikawa irin su Gaslow da Alugas, wadda take zama a cikin akwatin gas, a haɗa ta da bakin cikawa a jikin mota.

Tankin ƙasa ya ja hankalina, domin yana bar wa mutum akwati guda na ajiya. Na haƙura da shi saboda gishirin da ake watsawa a titunan ƙasar nan lokacin ƙanƙara yana cin duk ƙarfen da yake ƙarƙashin mota, sannan ran da na sayar da motar, tankin ya tafi da ita ke nan. Na ɗauki tukunya mai kilo 11 wadda ta cika ƙa'idar R67 ta tsaron kayan gas na mota, tana ɗaukar kimanin lita 21, na kuma bar ƙaramar tukunyar musaya mai kilo 6 a gefenta don gudun ɓacin rana, tunda wuraren cikawa suna ta raguwa tun lokacin da aka cire famfunan gas daga gidajen man Shell a 2020. Kaya da kuɗin aiki sun haura fam 500, kuma na ji su a jikina.

Bayan 'yan watanni sai wuta ta fara rauni. Firji bai taɓa nuna komai ba, domin abin da yake sha kaɗan ne, amma idan na kunna kan murhu na biyu sai na farkon ya dusashe, idan kuma hita ta tashi sai ta yi ƙoƙarin kamawa ta kasa ta kulle kanta. Zargina na farko ya tafi kan nau'in gas ɗin da ake kira butan, domin cikawata ta ƙarshe a Faransa na yi ta, inda gas ɗin gidajen mai yake gauraye da shi. Butan yana daina zama iska idan sanyi ya kai wajen digiri 0, alhali ɗayan nau'in, furofen, yana ci gaba har zuwa digiri 42 ƙasa da sifili, saboda haka zargin yana da tushe. Na ƙone abin da ya rage, na cika da gas ɗin Ingila wanda kusan duka furofen ne, amma ko kusa babu abin da ya canza. Daga nan na koma kan bawul ɗin kariya da yake yanke gas idan tiyo ya fashe, na riƙa buɗe tukunya a hankali kamar yadda ake cewa a yi, na bi kowace gaɓa da ruwan sabulu ban sami yoyo ba, na juya zuwa tukunyar musaya, ita ma wutarta ta zo da rauni. A wannan matakin raina ya ɓaci sosai, domin mota tana tsaye a ƙofar gida, iyali suna tambayar yaushe za a fita, ni kuma ba ni da amsa.

Injiniyan gas mai lasisi ne ya sa ma'aunin matsi a layin. Idan komai yana kashe, ma'aunin yana nuna milibar 30 daidai yadda ake so, amma da an kunna murhu sai ya zube. Da ya kwance tiyon daga bakin regileta sai ga wani maiƙo mai ruwan ɗorawa yana ɗigowa a tafin hannunsa. Aka sa sabuwar regileta, wuta ta dawo, na biya fam 90 da wani abu, kuma kafin sanyi ya wuce alamun suka fara dawowa.

Abin da ya warware mini zancen shi ne awo da tef. An ƙera akwatin gas ɗin motata ne domin tukwane masu kilo 6, aka kafa regileta a bango sama da kawunansu kaɗan. Tukunya mai kilo 11 ta fi su tsawo, don haka da ta shiga sai bawul ɗinta ya koma sama da regileta, tiyon kuma ya gangaro daga tukunya zuwa ƙasa. Da dare idan gari ya yi sanyi, gas ɗin da ya rage a cikin tiyo yakan koma ruwa, ya wanko sinadarin da yake sa roba laushi tare da ɗan maiƙon da yake zuwa cikin gas ɗin gidajen mai, sannan duk ya gangara inda ya sami gangare. Idan regileta tana sama, ruwan yakan koma cikin tukunya. Idan tana ƙasa, cikinta yake taruwa har ya hana ta buɗewa yadda ya kamata, kuma regileta ba a wanke ta, sai dai a sake wata. Bambancin da ya jawo mini wannan asara bai kai tsawon tafin hannu ba.

Gyaran bai zo da sauƙi ba, domin sararin da ya rage tsakanin kan tukunya da rufin akwati ƙanƙane ne. Mun matsar da regileta zuwa can ƙuryar sama, injiniyan ya ƙara tsawon bututun jan ƙarfe mai milimita 8, muka cire tiyon roba muka sa gajere na ƙarfe mara tsatsa wanda yake hawa daga tukunya zuwa regileta ba tare da lanƙwasar da ruwa zai kwanta a ciki ba, muka kuma sa matatar gas a tsakaninsu. Ya yi gwajin matsi, layin ya riƙe. Regileta ta uku da tiyo da matata da kuɗin aiki sun sake cin fam 200, abin da ya fi tazarar kuɗin da take tsakanin ƙaramar tukunya da babba nesa ba kusa ba.

Don haka duk wanda yake tsakanin kilo 6 da kilo 11, ina roƙonsa ya auna daga ƙasan akwati zuwa bakin regileta, ya nemi tsawon tukunyar har da bawul ɗinta daga mai sayarwa, kafin ya duba farashi ko sunan kamfani. A ganina ƙananan tukwane biyu da suke zaune ƙasa da regileta sun fi babba guda da ta yi mata tsawo, sai fa idan mutum ya shirya ɗaga regiletar tun ranar farko.

Batun mahaɗan da ake ɗaurawa a bakin cikawa don ya dace da famfon kowace ƙasa ba shi da wuya: bakin Ingila irin na Holan ne, Faransa da Italiya suna da nasu mai kamar faranti, Jamus da Beljiyam mai zare, Sifen kuma nata daban, kuma ana sayar da ukun tare a jaka guda. Aikin da ya rage mini shi ne bakin cikawa, wanda yanzu yake cikin akwati, abin da yake sa wasu ma'aikatan gidan mai su ƙi buɗe famfo da zarar sun hango tukunya. Zan fitar da shi jikin mota, amma huda ƙarfen Ducato yana ba ni tsoro, don haka wanda ya taɓa ɗaure nasa a ƙasan siket ɗin mota, wato gefenta na can ƙasa, da maƙalli ya gaya mini yadda ya kare shi daga laka da gishiri.