Gonar da na tarar tana barci

Da hantsi jirgin ƙasa ya tashi da mu daga tashar Grand Central ta birnin New York, muka yi ta nausawa arewa wajen awa biyu kafin ya sauke mu a Wassaic, inda layin ya ƙare. Daga nan mota ta kai ni wata gonar kayan lambu ta Yahudawa a jihar Connecticut. Ƙarshen Janairu ne. Ni kuwa ɗan Kura ne, a wurinmu wannan ne lokacin da mai noman rani ba ya samun sukunin ko sosa ƙeya: tumatir na nuna, albasa na neman ruwa, kwanduna na jiran mota. Shi ya sa na taho da takalmin shiga laka.

Ashe babu laka. Ƙasa ta daskare kamar daɓen siminti, na buga mata dunduniya, ni na ji a jikina. Dusar ƙanƙara ta rufe fangulan fari fat, ko ganye ɗaya babu. Na ce a raina, to me na zo gani?

Matar da ke kula da gonar ta ja ni ɗaki, ta zuba mini shayi, ta shimfiɗa taswirar gonar a kan tebur. Nan aikin yake. Da fensir take yi, kuma magogin ya fi bakin fensirin shan wahala. Inda tumatir ya zauna bara, bana ba za a sa tattasai ko dankalin Turawa ba, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, sai an ba wurin shekara uku ko huɗu. Lissafin kuma da baya da baya ake yin sa. Sanyin da ke ƙone shuka ba ya sakin yankin sai tsakiyar Mayu, daga nan take ƙirgo makonni don ta san ranar da za a yafa kowane iri a rumfar leda mai ɗumi. Albasa ce kan gaba.

Na tambaye ta ko zaman nan ba ya gundurar ta. Sai ta ce a kalandarsu ana dab da Tu BiShvat, 15 ga watan Shevat, ranar da suke kira sabuwar shekarar itatuwa. Na leƙa taga, itatuwan tsirara suke kamar an yi musu aski. Ta yi dariya, ta ce ai malaminsu Rashi, wanda ya rayu a Faransa a ƙarni na 11, ya bayyana cewa a lokacin ne ruwan itace ke fara hawa daga ciki. Wato ana bikin abin da ido bai gani ba tukuna.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar iri. Littafin dokokinsu, Mishna, kashi shida ne, na farko sunansa Zera'im, ma'ana iri, kuma Talmud, littafin sharhin malamansu a kan Mishna, ya danganta wannan kashin da imani: mutum ya dogara ga Mai rayarwa sannan ya binne abincinsa a ƙasa. Ban yi mata musu ba. Wanda ya taɓa ganin tsohonsa ya yi binne kafin saukar ruwan fari ba ya bukatar a fassara masa tawakkali.

A gefen taswirar na ga layuka da ta kewaye. Rabon mabukata ne, koyi da umarnin Attaura cewa kada a girbe gona har gefenta. Malamansu sun ce kada ya gaza kashi 1 cikin 60. Tun ba a sayi irin ba an fitar da shi, wannan kam ya burge ni.

Kafin magariba muka fita wajen tafarnuwa. Ita tun Oktoba aka binne ta aka lulluɓe da busasshiyar ciyawa, sai ta sha jaura take yin 'ya'ya, ba a tonon ta sai Yuli. Matar ta ɗaga ciyawar da safar hannunta. Ƙasa ce kawai, baƙa, mai tauri. Ta mayar ta danne a hankali kamar mai gyara wa jariri mayafi.

A jirgin komawa ƙanena ya turo mini hoton kwandunan tumatir jere a bakin titin Zariya, yana kukan farashi ya faɗi. Ni kuma yatsuna sun ƙage, sai da muka wuce tasha biyu na iya ba shi amsa.