Ranar da na taɓa yumɓu a Fukuwoka

Jiya Asabar na shiga ajin ginin 'yan tsana a Fukuwoka, wani birni a ƙasar Japan, kuma har yanzu abin bai bar zuciyata ba. A nan ake yin 'yan tsanar Hakata (sunan wata unguwa ce a birnin), na yumɓu zalla. Ana gasa su, ba a shafa musu abin sheƙi, sai a bi su da fenti da hannu. Farin fuskar kuwa daga garin ɓawon kawa ake samo shi, gofun suke ce masa.

Malamarmu dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Ta ba kowa curin yumɓu ta ce mu fara da kai, domin yadda wuya ya karkata shi ke nuna ko 'yar tsanar kunya take ji ko tunani take yi. Na fi awa ɗaya a kan wannan wuyan kaɗai. Da ta zo wucewa sai ta sa babban yatsa ta ɗan danna haɓar, nan take fuskar ta yi rai. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Ina murza yumɓun ina tuna shanun laka da muke ginawa bayan ruwan sama muna yara, da tsofaffin kawunan yumɓu na Nok a kudancin Kaduna da aka fara tonowa a 1928.

Tawa tana can tana bushewa, sai ta bushe sarai za a gasa ta. Shuɗiyar kimono, rigar gargajiyar Japan, zan zana mata.