Ruɓar da ake gani a kasuwa, tun a gona take farawa

Abu na farko da aikin kula da kayan gona bayan girbi ke koya wa mutum shi ne, tumatir ko mangwaro ba ya mutuwa don an tsinke shi. Yana nan yana numfashi, yana ƙona sukarin jikinsa, ruwansa na tafiya, ga shi babu sauran saiwar da za ta mayar masa. Zafi ne ke hura wutar: duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, numfashin kan ninka sau biyu zuwa uku. Don haka a tsinka da safe da zarar raɓa ta bushe, a kai inuwa nan take, kada a jibge a rana ana jiran mota.

Inda aka fi tafka asara, a ganina, wajen dannewa ne, domin raunin ba ya nunawa a ranar. Tumatir ɗin da ke ƙasan kwando mai zurfi za ka ɗauko shi sumul, bayan kwana biyu sai gefe guda ya yi laushi, fatar ta tsage, ruwansa ya jiƙa na kusa da shi, ruɓa ta bi layi. Akwatin roba mai ramuka da ke ɗaukar kilo 20 zuwa 25 ya fi, amma da sharaɗin kada a cika shi ya wuce baki. In an jera su, na sama ya zauna a kan akwati, ba a kan kaya ba. Guntun itacen da tumatir ke rataye da shi a jikin shuka ma a cire shi, shi ke huda maƙwabcinsa a hanya. Mangwaro kuwa akasin haka ne: a yanko shi da guntun itacensa, daga baya a datse, a kife shi ruwan da ke fita daga wurin yankan ya tsiyaye, don in ya gangaro a jiki yana ƙona fatar ta yi baƙi.

Wanki ma yana da tarko. In ruwan ya fi tumatir sanyi, iskar cikinsa takan tsuke, sai ya zuƙo ruwan ta gurbin itacen har da ƙwayoyin cuta. Don haka a sa ruwan ya ɗara shi ɗumi da kamar digiri 5, a riƙa sauya shi, kuma a bar kaya su bushe kafin a zuba a akwati.

Ba kowane kaya ke zama ɗaki ɗaya ba. Ayaba, tuffa da nunannen tumatir suna fitar da iskar etilin mai sa 'ya'yan itace nuna, wadda ke mayar da kokwamba da ganye rawaya, ta sa karas ɗaci. Sanyi ma ba kowa yake wa daɗi ba: ayaba ƙasa da digiri 13 ɓawonta kan dushe, ta ƙi nuna yadda ya kamata, alhali kabeji da latas sun fi son kusa da sifili. Ita albasa bushewa take nema. Sai wuyanta ya ƙafe sarai, ɓawon waje yana ƙara in an taɓa, sannan a sa ta a buhu mai shan iska.