Yashin Tankin Ƙasa: Inda Na Kwana a Wata na Bakwai

'Yan uwa masu koyon kiwon murjani, barkanmu da war haka. Tankina na ruwan gishiri, inda nake kiwon kifi da murjani mai rai, ya cika wata bakwai, kuma makon nan na kwashe yashin tankin ƙasa kaf, wato ƙaramin tankin nan na cikin kabad inda ruwa ke gangarowa a tace shi kafin famfo ya mayar da shi sama. Ga yadda aka yi.

Da farko yashi mai zurfi na zuba, santimita 12 na aragonait mai laushi, wato farin yashin teku mai sinadari irin na dutsen murjani, a ɗakin tsakiya na tankin ƙasan, tsakanin famfo da na'urar kumfa mai cire dauɗa daga ruwa. Har gobe hikimar abin tana burge ni. Can ƙasan yashin iskar oksijin ba ta kaiwa, sai wasu bakteriya masu son irin wannan wuri su yi zamansu, suna mayar da naitiret, wato sinadarin da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, iskar naitirojin, ita kuma ta fice daga ruwan. Shi ya sa in za a yi, santimita 10 zuwa 15 ake zubawa. Wanda ya tsaya a 5 ko 6 ya yi biyu babu: bai kai zurfin da aikin ke so ba, ga shi kuma ya isa ya tara dauɗa.

Wuta ce ban saka a lissafi ba. Aka ɗauke ta tun dare har bayan azahar, batirin inbata ya ƙare, ruwan tankin ƙasa ya tsaya cik a cikin zafin Kano. Kafin in kunna famfo na sa hannu in gyara wani dutse da ya nutse a yashin, sai wari ya buge ni kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na durƙusa da tocila na haska jikin gilashin ta gefe, na ga baƙin layi kamar an shafa gawayi, ya hauro kusan saman yashin. Wannan warin na haidirojin salfaid ne, guba ce ga kifi. Da na fara kunna famfon, da ruwan nan ya tafi sama kai tsaye. Allah ne ya kiyaye.

Na bar famfon a kashe, na zuƙe ruwan ƙasan duka na zubar, na kwashe yashin da roba zuwa bokiti, na wanke ɗakin, sannan na cika da sabon ruwan gishiri da na haɗa a 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa. Kwana biyar ina gwada amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, safe da yamma, don na san na cire wa tankin wani ɓangare na matatarsa. Ba ta motsa ba, bakteriyan da ke jikin duwatsun tankin sama sun riƙe aikin.

Yanzu ƙasan gilashi ne zalla. A kusurwa na ajiye ƙaramin kwando cike da gutsattsarin dutsen murjani, sai dunƙulen Chaeto, ciyawar ruwa mai zuƙe naitiret, yana juyawa a hankali cikin ruwa, kamar koren soson wanke-wanke. Ita ba ta da saiwa, ba ruwanta da yashi, haske da gudun ruwa kawai take so. Fitilarta da dare nake kunnawa bayan ta sama ta mutu, don kada pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya faɗi sosai kafin asuba. Tsorona shi ne in rasa ƙananan ƙwarin ruwan nan da kifi ke ci. Shekaranjiya da dare na haska kwandon, sai ga su fari-fari suna tsalle a jikin duwatsu kamar ƙwayar gero. Ban san sanda na yi murmushi ni kaɗai ba.

Wani ɗan uwa ya tambaye ni ko zai iya ɗebo yashin rafi, tunda na kanti da tsada. Kada ka yi, malam. Ka ɗiga masa ruwan lemun tsami ka gani: aragonait zai yi kumfa, na rafi zai yi shiru, kuma ba ka san irin ƙarfe da dattin da ya kwaso a hanya ba. Tsakuwar murjani manya-manya ma ban so ta a shimfiɗe, ragowar abinci ke maƙalewa a tsakaninta ya ruɓe.

Ga mai wutar da ba ta yankewa, yashi mai zurfi yana aikinsa, musamman a bokiti na daban da za a iya cirewa ba tare da an dama shi ba. Ni dai a nan na zaɓi abin da idona ke gani. Dauɗa na taruwa wuri ɗaya a kan gilashi, ranar Asabar in sa tiyo in zuƙe ta cikin minti goma. Naitiret ɗina yana wajen 5 yanzu. In ya haura 10 zan ƙara wa ciyawar awannin haske kafin in taɓa wani abu. Tsohon yashin kuwa na wanke shi sau shida, yana kan soro yana bushewa.